Filin Tambaya da Amsa: Ƙaramin Dam ɗin Ƙasa a Gona

Wasiƙun wannan makon sun taru ne a kan ƙananan madatsun ruwa na ƙasa, irin waɗanda manoma da masu kiwo ke tarewa a gonakinsu a kewayen Jos, kuma injiniyoyin ruwa na wannan fili ne suka amsa su. Duk inda aka ce kubik mita ɗaya, lita 1,000 ake nufi, wato durom biyar.

Assalamu alaikum. Ina da gona wajen Barkin Ladi, da wani kwari da ruwa ke bi da damina. Mai katafila ya ce in ba shi kwana huɗu zai turo ƙasa ya tare mini kwarin in samu ruwan noman rani. Hakan ya wadatar?

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da zai bar maka a kwana huɗu tulin ƙasa ne, kuma araha ba ta ado. Katafila turawa take yi, ba ta daɓewa, domin an yi ƙafarta ne yadda za ta baje nauyinta kada ta nutse. Ƙasar da ba a daɓe ba kuwa cike take da ƙofofi, ruwa zai gano su tun daminar farko.

Fara da ƙasar kanta. Haƙa ramukan gwaji uku ko huɗu a layin da bangon zai zauna, zurfin mita biyu, da wasu a inda za a ɗebo ƙasar gini. Ka ɗibi kaɗan ka jiƙa, ka murza a tafin hannu har ta yi tsawo kamar biro. In ta lanƙwasu ba ta karye ba, akwai yumɓu. Sai ka zuba wata a kwalba da ruwa, ka girgiza, ka bar ta ta kwana: yashi zai kwanta a ƙasa, yumɓu a sama. Ana son yumɓun ya kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Gwaji na uku shi aka fi mantawa da shi: jefa busasshen ɓarɓashin ƙasar a kofin ruwan sama, kada ka motsa. In ruwan ya yi fari-fari da kansa, ƙasar mai narkewa ce, kada ta shiga bango ko da a kyauta ne. Baƙar lakar fadama mai tsattsagewa da rani ba ta dace da bayan bango ba. Tulin da masu haƙar kuza suka bari, wanda ya cika wannan yanki, yawancinsa yashi ne da tsakuwa da aka wanke, ba ya riƙe ruwa. Ka kuma tambayi dattawan wurin ko akwai tsohon ramin kuza da aka cike a cikin kwarin, domin rami ɗaya ya isa ya shanye dam.

In ƙasa ta yi, a kankare ƙasar sama, kamar santimita 30, da duk ciyawa da saiwa da kututture a inda bangon zai zauna. Daga nan a yanka rami a tsakiya, daga wannan gaɓa zuwa waccan, faɗinsa kamar mita uku, a yi ta haƙa sai an wuce yashi an shiga ƙasa mai tauri da aƙalla santimita 60. A cike shi da yumɓu mafi kyau. Wannan rami shi ke hana ruwa bi ta ƙarƙashin bango, kuma shi 'yan kwangila suka fi tsallakewa, tunda da an rufe babu mai gani.

Ginin kansa daɓe ne irin na ɗaki, sai dai da inji: a shimfiɗa ƙasa kaurin santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, rola mai ƙusoshi ta bi ta kai sau shida zuwa takwas, sannan a ƙara wani shimfiɗin. Laimar da ake so ita ce wadda in ka dunƙule ƙasar za ta tsaya, ba ta ɗigar da ruwa ba, ba ta kuma warwatse ba. Tunda da rani ake aikin, tsakanin Nuwamba da Maris, kuɗin tankar ruwa na cikin lissafi. Gefen da ke fuskantar ruwa, kowace mita ɗaya ta tsayi a ba ta mita uku na shimfiɗa. Bayan bango, mita biyu da rabi. Saman bangon kada ya gaza mita uku. Ka ga bango mai tsayin mita biyar gindinsa zai kai mita 30. In an nuna maka siririn bango mai tsayi, ƙasa aka yi maka rowa. A ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a kan tsayin, musamman a tsakiya, saboda zaman da ƙasa za ta yi.

Bututun fitar da ruwa kuma wuri ne na rauni. In za a binne shi, a kwantar da shi a ƙasar asali, a lulluɓe da kankare, a sa bawul ta gefen ruwa don kada bututun ya zauna cike da matsi a cikin bango. Wanda ba shi da ƙwararren da zai yi wannan, gara ya ɗora bututu inci uku ko huɗu ta saman bango ya riƙa zuƙo ruwan. Tsayi ya wuce mita biyar, ko akwai gida ko hanya a ƙasan kwarin, to aikin ya wuce na mai katafila, sai injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya.

Dam ɗinmu a Mangu zurfin ruwansa mita huɗu ne, bangon mita biyar. Duk Agusta ruwa na ta zuba ta mafitar gefe, ni kuwa asara nake gani. Ina so in jera buhunan yashi a bakin mafitar in ƙara rabin mita.

Alhaji, don Allah kada ka yi. A cikin duk abin da mai dam zai yi da hannunsa, wannan ya fi saurin kashe dam.

Ga lissafin. A ce filin da ke turo maka ruwa hekta 100 ne, ruwan sama na milimita 50 ya sauka cikin awa ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a Filato, inda ake samun kusan milimita 1,400 a shekara, mafi yawa a Yuli da Agusta. A lokacin malka ƙasa ta riga ta ƙoshi, rabin ruwan zai gangaro. Kubik mita 25,000 ke nan cikin awa guda, kusan bakwai a kowace daƙiƙa, ga dam ya riga ya cika. Mafita mai shimfiɗaɗɗen baki, in ruwa na bi ta kanta da zurfin rabin mita, kowace mita ta faɗinta kubik mita 0.6 take fitarwa a daƙiƙa. Sai mafitar ta kai faɗin mita 12 kafin ta ɗauke wannan ruwa, kuma wanda ya fi shi zai zo wata shekara. Masu sa kwalbati guda mai faɗin santimita 60 su ce sun yi mafita, kwalbatin da ƙyar yake fitar da rabin kubik mita, shi ma in reshe bai toshe shi ba.

Mitar nan ɗaya da ke tsakanin bakin mafitarka da saman bango ba ɓarna ba ce. Rabi na ambaliya ne, rabi na igiyar ruwa da iska ke kaɗawa. Ka jera buhuna rabin mita, ruwan zama ya koma huɗu da rabi, ambaliya ta ɗora nata rabin, ruwa ya yi daidai da saman bango. Bangon ƙasa kuwa ba ya jure ruwa ta kansa. Zai fara cin bayan bangon daga ƙasa, ya yi ta yankowa baya har ya iso sama, da zarar ya buɗe 'yar kafa sai ta faɗaɗa, cikin awa ɗaya ko biyu an gama. Kusan kashi ɗaya cikin uku na madatsun ƙasa da suka karye a duniya ta haka suka tafi. Manya ma ba su tsira ba: Bagauda ta Kano ta ɓalle a Agustan 1988 bayan ruwa mai yawa, Alau ta Maiduguri a Satumban 2024.

Ragar da masu kiwon kifi ke ɗaurawa a bakin mafita ita ma buhun yashi ce da wani suna. Ganye da kara za su liƙe ta cikin minti kaɗan. In dole ne, a kafa ta can cikin ruwa, nesa da bakin, a yi ta da faɗi sosai, a riƙa share ta.

Mafita mai kyau a ƙasar asali ake yanka ta, a gefe, ba a kan ƙasar da aka tara ba. Bakinta a miƙe yake daidai, a shuka mata kiri-kiri ta kama tun kafin ruwa ya yi ƙarfi, inda gangara ta yi tsanani a jera duwatsu, kuma ta kai ruwan can gaba da gindin bango kafin ta sake shi cikin rafi. In da gaske kana son ƙarin ruwa, bangon ake ɗagawa tare da faɗaɗa gindinsa, ko a yashe lakar da ta taru. Wannan aikin rani ne, da injiniya.

Bayan bangon dam ɗina akwai wuri da kullum yake jiƙe, ciyawarsa kore shar ko da rani. In damu?

Babu dam ɗin ƙasa da ba ya tsattsafo da ruwa kaɗan. Abin dubawa shi ne launin ruwan, da yawansa, da inda yake fitowa.

Tara shi a kofin gilashi ka ajiye awa ɗaya. In garau yake, babu abin da ya kwanta a gindin kofin, ruwa ne kawai ke wucewa. In ya yi duhu-duhu, ko ka ga laka ko yashi mai laushi ya taru a bakin inda yake ɓulɓulowa, to ƙasar bangon yake kwasowa. Rami ne ke haƙuwa daga baya yana nufar ruwa, kuma ranar da ya isa, dam ya tafi ko da rana tsaka babu hadari. Ka yi wa ruwan 'yar hanya ya zuba ta guntun bututu, ka auna daƙiƙa nawa yake cika bokiti mai lita 10, ka rubuta a littafi kowane mako tare da tsayin ruwan dam. Kafa turaku a kewayen wurin da ya jiƙe don ka gane in yana faɗaɗa. Yoyon da ke ƙaruwa alhali ruwan dam bai ƙaru ba, shi ne abin tsoro. Haka wanda ke fitowa a tsakiyar bango maimakon gindi, ko ta jikin bututu.

Kuskuren da aka saba yi shi ne a liƙe bakin da yumɓu ko siminti. Ruwan ba zai koma ba, zai taru a cikin bango ya jiƙa shi har ya zaftare, ko ya ɓullo ta wani wuri. Abin yi shi ne a bar ruwa ya fita a tsare ƙasa: a shimfiɗa yashi mai tsabta kaurin santimita 20 zuwa 30 a kan wurin, tsakuwa a kai, sannan duwatsu su danne. A kuma rage ruwan dam. A lokacin lafiya a hankali ake ragewa, kada ya wuce santimita 15 a rana, domin in ruwa ya janye da sauri gefen da ya jiƙe yakan sulale ya faɗa ciki. Amma in ruwan ya yi laka yana ƙaruwa a kan idonka, ko ka ga ruwa na juyawa kamar mazurari a gaban bango, ko wani wuri ya lotsa, buɗe duk abin da zai buɗu, kuma kafin komai a aika mutanen ƙasan kwari su hau tudu.

Kana zagaya bangon, ka duba tsaga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Tsagar da ta ratsa bango daga gefen ruwa zuwa baya ta fi haɗari, a haƙe ta har ƙarshenta a sake cikewa shimfiɗi-shimfiɗi. Wadda ta bi tsawon bango, musamman in gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka, alamar zaftarewa ce. Zagayen nan sau ɗaya a mako da damina, da kuma bayan kowane ruwa mai ƙarfi, da ƙafa, ba daga cikin mota ba.

Na shuka itacen turare a kan bango don saiwa ta riƙe ƙasa. Wani ya ce kuskure ne.

Ya yi gaskiya. Saiwar itace tana bin laima har ta ratsa bango, in ta mutu ta ruɓe ta bar hanya, iska kuma na iya tumɓuke itacen da ƙasarsa. Ƙanana, waɗanda ba su kai kaurin hannu ba, a cire su yanzu a daɓe gurbin. Manya kada a sare a bar kututture ya ruɓe a ciki: a rage ruwa da rani, a tone saiwar, a cike da yumɓu. Gajeriyar ciyawa kawai ake so a bango, a riƙa yanke ta yadda ramin gafiya da shurin gara ba za su ɓuya ba. Shuri in ya fito, a tone shi har uwar.

Tsawon bangona mita 100, ruwan ya miƙe baya mita 300, zurfi mita huɗu. Hekta nawa na tumatir da kabeji zai ɗauka? Fulani maƙwabta kuma suna roƙon shayar da shanu.

Ka ninka ukun, ka raba da shida: 100 sau 300 sau 4, raba shida, kubik mita 20,000. Ƙiyasi ne, amma yana kusa a kwari mai tsukakken gindi. Abin da zai ba ka mamaki shi ne fiye da rabin wannan ruwa a mitar sama yake. In ka ga ruwa ya sauka mita ɗaya, kada ka ce saura kashi uku cikin huɗu, abin da ya rage bai kai rabi ba.

Rana da iskar hunturu suna shan milimita biyar zuwa bakwai kullum. Fuskar ruwanka hekta ɗaya da rabi ce, wato kusan kubik mita 90 a rana lokacin da yake cike. Kayan lambu suna bukatar kamar kubik mita 50 a hekta kowace rana, amma da ban ruwan kwarami, inda kusan rabi ke ɓacewa a hanya, sai ka ɗebo 80 zuwa 100. Kwana 100 na noma, 8,000 zuwa 10,000 ke nan. Daga 20,000 ɗin, cire kashi ɗaya cikin uku da rana da yoyo za su sha, ka bar na gindi don kada ƙasan dam ya bushe ya tsage, abin da ke hannunka bai wuce na hekta ɗaya da 'yan kai ba. Da tiyo mai ɗigo zai kusa ninkawa. Ka kuma shuka da wuri, Oktoba ko Nuwamba, ka sha ruwan saman kafin rana ta riga ka. Kafa sanda mai alamar santimita a cikin ruwa, ita za ta gaya maka gaskiya a Fabrairu.

Shanu kuwa ba su ne matsalar ruwanka ba. Saniya lita 30 zuwa 40 take sha, garke mai 100 bai wuce kubik mita huɗu a rana ba, ka gwada da 90 ɗin da rana ke sha. Kofatonsu ne matsala: suna kashe ciyawar bango, su yi turba, turba ta zama kwazazzabo. A shinge bangon da mafita, a ja bututu zuwa kwamin shayarwa a ƙasan dam, a zauna gaban mai unguwa da arɗo a tsayar da hanyar shigowa da lokaci. A ganinmu wannan ya fi hanawa arha nesa ba kusa ba.

Laka ma tana cin rabonta a ɓoye. A bar noma daf da bakin rafin da ke shigowa, a shuka layukan jema a gicciye, a jera duwatsu a ƙananan kwazazzabai. Ranar yashewa, kada a haƙa kusa da gindin bango, a bar aƙalla mita 15.

Gidanmu a ƙasan wani kwari yake a bayan garin Jos. Wani mai hali ya tare rafin a gonarsa. Da rani ruwa ya daina iso mana, da damina ba ma barci. Yana cewa dam ɗin ma kare mu yake yi daga ambaliya. Ina mafita?

Hajiya, maganarsa rabin gaskiya ce. A farkon damina, dam da ke fanko yana shanye ruwan farko, yana tare yashi, kuma rijiyoyin da ke ƙasa da shi sukan daɗe ba su ƙafe ba. Amma daga ranar da ya cika, abin da ya shigo shi ke fita, ragin kaɗan ne. In kuwa ya karye, abin da zai sauko lokaci guda ya fi ƙarfin duk ambaliyar da kwarin ya saba gani. Mutanen Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo ba su manta da Yulin 2012 ba, da ruwa ya tumbatso daga wajen dam ɗin Lamingo, aka rasa rayuka fiye da 30.

Mallakar gona ba mallakar rafi ba ce. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta yarda mai fili ya ɗebi ruwa don gida da dabbobi da ban ruwan kansa, amma tare rafi da adana ruwa mai yawa yana bukatar lasisi, kuma akwai hukumar tarayya mai kula da albarkatun ruwa, NIWRMC, da ke bayarwa. Filato tana ƙarƙashin hukumar raya kogin Binuwai ta ƙasa mai hedikwata a Makurdi. Wanda ruwansa ya ɓalle ya yi wa mutane ɓarna, kotu na iya sa shi biyan diyya.

Ku fara ta wajen mai unguwa, maza da mata na layin gaba ɗaya, ku nemi abu uku a rubuce. Injiniya mai rajista ya duba bangon da mafitar kafin Afrilu. A riƙa sako ruwa ta bututu da rani, a tsayar da ranaku. A kuma sa mutum takamaimai da zai kwana kusa da dam a daren ruwa mai ƙarfi, da lambobin wayar gidajen ƙasa a hannunsa, kowa ya san tudun da zai hau da hanyar da ba ta ratsa rafi ba. In ya ƙi, ku kai takarda ma'aikatar albarkatun ruwa ta jiha da hukumar agajin gaggawa ta jiha, ku riƙe kwafi mai hatimi.

Yara na wanka a dam ɗin unguwarmu, biyu sun fara fitsarin jini.

Alamar tsargiya ce, wadda ake ɗauka ta fata a ruwan da ke kwance mai ƙananan katantanwa. A kai su asibiti a gwada fitsarin. Maganinta praziquantel ne, ana ba da shi gwargwadon nauyi ko tsayin yaro, sauran abokan wankan su ma a gwada su. A share ciyawar bakin ruwa inda katantanwa da sauro ke zama, a hana fitsari da bahaya kusa da dam. Ruwan sha da wanka a haƙa rijiya a ƙasan dam, nesa da gindin bango da kamar mita 30, a ɗaure bakinta. Gefen bango da ke cikin ruwa yana da santsi da zurfi, nan yara suka fi nutsewa, don haka a shinge shi, a rataye igiya doguwa da jarka fanko mai murfi a bakin ruwa don jefa wa wanda ya faɗa.